Butar Gahawar Kakana

Ranar da alhazai suka sauko daga Mina a shekarar 1965, gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka ya cika maƙil da baƙi. Kamar kowace shekara, mun bar musu ɗakuna mun koma saman soro da tabarminmu. Ina 'yar shekara tara, aikina ɗauraye kofunan shayi da taya Sitti, mahaifiyar Baba, tsintar shinkafa. Ta aike ni ɗauko tsumma a akwatinta, ni kuwa da rawar kai na haɗo da hoton da take naɗewa cikin zani.

A Sudan aka ɗauki hoton, lokacin su Sitti suna hanyar zuwa Makka. Wasu 'yan wasa ne masu yawo gari-gari, sun jeru gaban ƙaton tanti, ga giwa, ga wata mace tsaye bisa doki. Can gefe kakana ne, wanda ya rasu kafin a yaye Baba, riƙe da wani ɗan abu na tagulla mai lanƙwasa da buɗaɗɗen baki. Kullum Sitti cewa take, “Butar gahawa ce, shi ke dafa musu.” Ba mu taɓa musu ba, don kowane gida a Makka yana da irin wannan buta. Har alfahari nake wa ƙawayena cewa gahawa gadonmu ce.

Alfaharin ne ya kai ni wurin Ammu Bashir, wani dattijo Basudane cikin baƙinmu, da na ji yana yaba gahawar gidanmu. Ya kanga hoton a ido, ya yi murmushi ya ce, “Ya binti, wace buta ce mai maɓalli uku? Begila ce, 'yar ƙaramar da ake nannaɗewa har ta shiga aljihu. Kakanki mabushi ne.”

Ashe Baba yana tsaye bayana, dawowarsa ke nan daga tuƙin tasi. A unguwarmu ba ƙaramin abu ba ne a ce da mutum ɗan mabushi, ko hoton ma Baba haƙuri kawai yake yi da zamansa a gidan. Ya karɓe, na ga idonsa ya sauka kan garwashin shayi. Na zaci ƙona shi zai yi, ga shi ba mu da wata fuskar kakana sai wannan.

Ya dubi Sitti ya ce, “Inna, gaskiya ne?”

Sitti ba ta ɗago daga tirenta ba. “Gaskiya ne. Da busar nan ya ciyar da mu har bakin teku. Na ce buta ce don kada yara su yi maka gori.” Sai ta dunƙule hannu a baki ta busa wani ɗan sauti mai hawa da sauka. “Haka yake yi in ya doso gida. Kana goye, sai ka yi ta harba ƙafa.”

Baba ya zauna a bakin tabarma ya ce, “Sake yi, Inna.” Washegari na ga hoton a maƙale cikin tasinsa, kuma daga ranar nan, da fiton wannan sautin muke gane ya shigo lungu. Farin cikin da na yi ba ya faɗuwa.

Yanzu ba gidan, ba soron, ba Baba. Jikokina, da Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, sun nuna wa waya hoton, nan take ta faɗa musu sunan abin da ƙasar da aka ƙera shi. Amma sautin ba ya cikin waya. In na hango su sun doso ƙofa, ni nake busa musu.