Jemima Mai Masa da Maƙwabcinta Hammawa

Jemima mai masa ta daɗe a Yelwa. Daga Bogoro ta zo da mijinta, ya rasu ya bar ta da tanda da 'ya'ya uku, da tandar nan kuma ta rene su duka. Mace ce mai ƙyanƙyami, ƙuda ya sauka a ƙullunta sai ta kwashe ludayi guda ta zubar. Amma ba abin da ya taɓa tayar mata da zuciya kamar abin da 'yan majalisar ƙofar gidansu suka yi wa Hammawa.

Hammawa ɗan haya ne a gidan, keke mai ƙafa uku yake tuƙawa. Wata rana yaro ya faɗo masa a titi, ya kasa kaucewa, yaron ya rasu. Iyayen sun yafe, shi ne ya kasa yafe wa kansa. Ya ajiye keken, ya rame, ya daina fita. Ran da ya ce wa 'yan majalisa gara ma ya bi yaron, dariya suka yi. Wani ya ce raunin imani ne, wani ya zaro waya ya ce ya maimaita a ɗauka. Suna yi suna dangwala masarta a miya. Hammawa ya tashi ya koma ɗakinsa.

Jemima ta bar tanda a wuta ta bi shi ɗaki. Ɗakin sai warin kwanuka da jiƙaƙƙun kaya. Ba ta yi masa wa'azi ba.

"Hammawa, kana tunanin kashe kanka ne?"

Ya ce, "E, Mama."

Ta zauna ta saurare shi har masa ta ƙone. Ta kwashe duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ta kira yayarsa Salma daga Miri ta zo ta tare a gidan. Su biyu suka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, 'yan majalisa na bin su da ido suna cewa an tafi da mahaukaci. Limamin unguwa ya riƙa leƙowa yana zama da shi a tabarma. Jemima kuma ta ɗora masa kai niƙan shinkafa kullum da safe, ta ce ƙafarta ba ta iyawa, in bai fito ba to ba masa.

Bai warke lokaci guda ba, akwai ranakun da sai ta yi ta buga ƙofa kafin ya buɗe. Bayan damina ya koma kan keke, yana kai ɗalibai Gwallameji, bai kuma daina ganin likita ba. 'Yan majalisa yanzu su ke gaishe shi da babbar murya, har suna cewa addu'arsu ce ta karɓu. Jemima takan ja tsaki kawai ta juya masarta.