Mai Wankan Gawa na Lamisula

Dattijon da ake kira Ba Umara manomi ne a Konduga kafin shekarar da 'yan Boko Haram suka ƙona garin. Ya shigo Maiduguri da matarsa da buhun gero guda, ya samu ɗaki a Lamisula. Tun yana saurayi mahaifinsa ya koya masa wankan gawa, kuma a shekarun nan gawa ba ta yankewa, don haka da wannan aikin unguwa ta san shi. Ya wanke waɗanda bam ya tashi da su, ya wanke na harsashi. Ba a taɓa jin ya faɗi abin da ya gani a jikin mamaci ba.

Wata damina, cikin mako biyu aka kira shi gida uku. Duka samari ne, biyu masu tuƙa keke mai ƙafa uku, ɗaya lebura. Babu rauni a jikinsu, amma leɓɓansu da faratansu sun yi shuɗi-shuɗi, ga kumfa a hanci. Kowane gida aka ce zazzaɓi ne. Na huɗu shi ne Garzali, ɗan maƙwabcinsa Nasidi tela, wanda jiya-jiya ya gaishe shi a bakin famfo. Yana cire masa wando sai katin ƙwayar taramol ya faɗo, an ɓalle ɗaya tak.

Ya daɗe yana kallon katin, sannan ya soke shi a aljihu.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya nufi ƙaramin asibitin unguwa, wurin Sista Pindar, ma'aikaciyar jinya. Ya kwatanta mata abin da ya gani, ya nuna mata katin.

"Ƙwaya ɗaya, Baba?" ta tambaya. "Taramol ɗaya ba ta kashe ƙato. An gargaɗe mu kan wata guba, fentanil, da ake cakuɗawa a jabun ƙwayoyi. Numfashi take tsayarwa. Zan kai wa hukumar yaƙi da ƙwaya su gwada, amma sai sun tambayi inda na samu."

"Ki ba ni zuwa la'asar."

Ya tarar da Nasidi a kan tabarmar zaman makoki, ya ja shi gefe ya gaya masa abin da ya gani da niyyarsa ta a kai katin hukuma. Idon Nasidi ya kaɗa ya yi ja.

"Amana na ba ka, Ba Umara. Yaro yana kabari ka tona masa asiri?"

"Malam Nasidi, huɗu na wanke. Ba na son na biyar."

Nasidi ya juya masa baya. Ba Umara ya koma ya ce wa Sista Pindar ta kai katin, ta faɗi sunansa shi kaɗai.

Bayan kwana tara sakamakon ya fito: gubar ce. Jami'ai suka zo ƙofar Bulama, mai unguwa, da mota biyu da bindigogi. Kafin su sauko, samarin layin sun tsallake katanga. Shugaban jami'an ya ce gida-gida za su bi.

Ba Umara, wanda bai taɓa magana a taro ba, ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, mai sayarwa ku kama shi. Amma in kun bi yaran nan, ɓoyewa za su yi su sha a ban ɗaki, ni za a kira da safe."

Aka yi ta ja-in-ja har azahar. Daga ƙarshe aka ajiye duro mai kwaɗo a bayan masallaci, da ɗan rami a murfinsa, kowa ya jefa ƙwayarsa ba tambaya. Liman ya yi huɗuba da Kanuri da Hausa. Aka kawo wa Sista Pindar allurar da ke dawo da numfashi.

Washegari wasu mutum biyu a keke suka tare Ba Umara a lungu. Ɗayan ya ce, "Tsoho, kai wa zai wanke ka?" Suka wuce. Wata guda bai fita shi kaɗai ba.

Duron ya cika rabi. An kama dillali ɗaya a tasha, sauran suka sauya unguwa. Allurar ta tashi samari uku, wani kuma ya mutu a hanyar asibiti. Gidaje da dama sun daina kiran Ba Umara, sun ce bakinsa ya buɗe. Nasidi yana amsa sallamarsa, amma ba ya ɗaga kai daga kan keken ɗinki.