Muryar Zulai

Duk wanda ya taɓa ratsa tashar Jabi ya san muryar Zulai, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Ita ce ke fitowa daga lasifikar mai maganin ɓera, ita ce ke kiran masu ƙishirwa a baron mai ruwan leda. Sana'arta ke nan tun da rikici ya koro su daga Gwoza: 'yan talla su kawo lasifika, ta naɗa musu kiran ciniki, su tafi suna hutar da maƙogwaro. Zaƙin murya kuwa Allah ya ba ta, har direbobi kan tsokane ta wai ɓeran ma don ya ji ta yake fitowa.

Amma wanda muryar ta fi wa amfani shi ne mahaifinta, Baba Mato, da ke zaune a Kuchigoro. Shekara shida ke nan da idanunsa suka rufe. Abin da ya rage masa na 'yarsa shi ne sallamar da take yi masa a waya kullum bayan la'asar, ya amsa da "Uwata, kin wuni lafiya?" don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Ana nan sai ga Oga Elvis, wani mai shirya fim, da tabarau kamar na mai walda.

"Sista Zulai, muryar naka akwai daɗi," in ji shi. "Talla ƙarami ne kawai za mu yi."

Ya kai ta wani sito a Idu, kwana uku tana karanta sunayen garuruwa da lambobi. A ce yi dariya, ta yi. A ce yi ajiyar zuciya, ta yi. Ashe maras kunyar nan ɗura muryar yake yi wa kwamfuta.

Bayan wata huɗu fim ya fito, na soyayya da barkwanci: wani akawu ne ya haukace kan ƙirƙirarriyar basirar da ke cikin wayarsa. Basirar kuma da bakin wa take magana? "Masoyina, ko batirina ya mutu ina tare da kai." Wannan mai sauƙin ke nan. Akwai kalaman da Zulai ba za ta iya faɗa wa ko mijin aure ba, ga su nan tiryan-tiryan da muryarta, tasha guda ana ƙyaƙyatawa. Masu neman suna da gulma ba su yi ƙasa a gwiwa ba, suka kara wa tsohon waya a kunne. Ranar ko ruwa bai sha ba.

Zulai ta dira Idu, ta tare Elvis.

"Haba sista, ba kai ba ne fa, kwamfuta ne," in ji Elvis, har da murmushi. "Ka zama sta!"

"To me ya hana ka ɗura muryar matarka, Oga? Wanzami ba ya son jarfa, ko?"

Ya sa maigadi ya raka ta bakin ƙofa. Ɓarawon akuya a kama shi a jibga, na murya kuwa yana cikin sanyin ofis yana shan lemo.

Daga nan Kuchigoro ta wuce. Ta durƙusa, ta riƙe hannun tsohon, ta rantse, ta yi masa bayani dalla-dalla. Ya yarda da ita, ya shafa kanta. Can ya ce, "Wato injin nan zai iya faɗin komai da bakinki?"

"Komai, Baba."

Ta koma da sanyin zuciya, a zatonta an wuce wurin. Washegari bayan la'asar ta kira kamar kullum.

"Salamu alaikum, Baba."

Tana jin numfashinsa, tana jiran "Uwata". Ya amsa sallamar a hankali, yadda ake amsa wa baƙo.

"Baiwar Allah," ya ce, "in ke ce Zulai, ki zo in taɓa hannunki."

Ya kashe wayar.