Gidajen Kawu na Kwali

Duk sanda ruwan damina ya jiƙa kwalayen da ke zube a bakin kasuwa, warin nan nasu sai ya mayar da ni zauren gidan kakarmu a unguwar Kilomita Biyar.

Ina da shekara tara muka gudo can daga unguwarmu Miskine, lokacin rikici. Kawuna, ƙanin innarmu, shi ne ya iso daga ƙarshe, a cikin baro, da harsashi a ƙugu. Likita ya ce cire shi ya fi barinsa hatsari. Da shi yake kwana, da shi yake tashi.

Ka san ciwon da ke da lokacinsa? Da hadari ya haɗo, sai fuskar Kawu ta canza, gumi ya keto masa. Ba ya ihu. Sai ya jawo kwalin sabulu, ya tsinci gawayi a murhu, ya hau zane. A watannin nan ba mai ƙetare gadar Yakité da tabbacin zai dawo. Harbi kan tashi ta wajen gadar da rana tsaka, kaji su yi tsit, shi kuwa hannunsa bai tsayawa.

Gidajen unguwarmu ta Miskine yake zanawa, ɗaya bayan ɗaya. Ga mangwaron ƙofar gida, ga rijiya, ga igiyar shanya. Amma ko mutum ɗaya babu, ƙofofin duk a buɗe.

Wata rana na ce, "Kawu, ina mutanen?"

Ya ce, "In na zana su, 'yata, sai na zana yadda na bar su."

Ranar da ya zana namu gidan, ya cika bakin ƙofar da baƙi har gawayin ya huda kwalin. Innarmu ta gani, ta gane wurin, domin a nan aka kashe babanmu. Ta fizge za ta jefa a wuta. Kaka ta riƙe mata hannu.

"Bar masa. Gara abin ya zauna a kwali da ya zauna a ƙashinsa."

Yammacin nan Kawu ya ci tuwo har ya nemi ƙari, abin da bai yi ba tun zuwansa. Ciwon bai tafi ba, amma ya daina zama shi kaɗai ne mai magana a gidan.

Yau an buɗe hanya, manyan motoci na shigowa daga Kamaru, yara na wasa suna hira da yaren Sango. Kawu na nan, yana ɗingishi, yana rubuta allunan shaguna da fenti. Bara na je Miskine. Wasu sun gina a filinmu, sun dasa gwanda. Na yi sallama, wata mata ta leƙo ta tambaye ni wa nake nema. Na rasa sunan da zan faɗa mata.