Tsinin Allura a Babban Yatsana

Da farko ban ji zafi ba. Ɗumi na ji a cikin safar hannu, a babban yatsan hagu. Na duba, sai na ga jini yana yaɗuwa a ƙarƙashin robar. Jinin da ke sama na mutumin da muka yi wa ɗinki ne. Na ƙasan nawa ne.

A lokacin ina taimaka wa ma'aikatan jinya a wani ƙaramin asibiti a gefen garin Birnin Gwari, bayan na gama sakandare. Aikina miƙa auduga, riƙe yaro a yi masa allura, kwashe kayan aiki. Ran nan da hantsi wasu mutum biyu suka kawo wani a kan mashin daga daji, ta ɓangaren Kamuku, da sara a cinya. Ba mu tambaye su abin da ya faru ba. A asibitinmu an daɗe da daina irin wannan tambayar. Sista, babbar nas ɗinmu, ta yi masa allurar kashe zafi, ta ɗinke wurin. Ni kuma na sa hannu in kwashe tire. Allurar tana ƙarƙashin auduga.

Sista ta ga yadda na sandare. Ta ja ni zuwa bokiti mai famfo, ta cire safar da kanta.

"Kar ki matse, kar ki tsotsa. Sabulu da ruwa kawai."

Ta aika a kira Malam mai gwajin jini ya zo ya ɗebi jinin mutumin. Kafin ya fito da kayansa muka ji tashin mashin. Sun ɗauke ɗan'uwansu, ko maganin da aka rubuta masa ba su tsaya karɓa ba. Baba mai gadi ya ce hanyar Damari suka nufa, ya ƙara da cewa shi dai ba zai bi su ba, kuma bai ba kowa shawara ba.

Ke nan babu wanda zai iya gaya mini ko mutumin yana ɗauke da ƙanjamau ko ciwon hanta. Malam ya gwada jinina, ya ce lafiya lau yake, amma gwajin yau ba ya nuna abin da ya shiga yau. Sai bayan watanni. Ya hau mashin ɗinsa ya tafi babban asibiti, ya dawo da maganin kariya da zan sha kullum har wata guda, aka kuma yi mini allurar hanta.

Da na ga robar maganin na gane ta. Irin wadda masu cutar ke karɓa ce, kuma a garinmu ko wanda bai yi boko ba ya san kamanninta. Na ce wa Sista ba zan iya kai ta gida ba. Ɗaki ɗaya nake kwana da ƙannena, ga Gwaggo da ke buɗe jakar kowa da sunan neman man shafawa.

"Wa ya ce ki kai gida?" in ji Sista. Ta buɗe durowarta ta ƙasa ta ajiye robar. "A nan ba a shan wannan a gida, ba a kuma shan sa a kaɗaice. Kin ɗauka ke kika fara?"

Ta nuna mini yatsanta na tsakiya. Babu tabo, amma na gane. Malam daga bakin ƙofa ya ɗaga nasa hannun.

"Ni ba sau ɗaya ba ma, Sista."

"Kai ai garaje ne da kai."

Haka aka yi. Kowace safiya Iya mai shara takan zo da kunun gyaɗa a fulas, mu zauna a ɗakin canza kaya, Sista ta sa mini ƙwaya a tafin hannu, kowa ya riƙe kofinsa sai na haɗiye sannan a sha. Ba wanda ke maganar ciwon. Tsadar taki ake yi, da wanda ya samu ya je gona da wanda bai samu ba. Aka mai da ni wajen awon jarirai, Anti, nas ta biyu, ta haɗa aikina da nata ba tare da an ce mata ta yi ba.

Maganin ya wahalar da ni. Jiri, tashin zuciya, baki ɗaci. Wata safiya na fita da gudu na yi amai a bayan ɗaki, na dawo na ce na gaji, Allah ya yi yadda ya so.

Anti ta dube ni sama da ƙasa. "Amai da safe kullum? 'Yammata, ko dai akwai labarin da ba a ba mu ba?"

Iya ta kai mata duka da murfin fulas. Na yi dariya ban shirya ba. Sista ba ta yi ba.

"Allah ne ya kawo maganin ai. Wanke bakinki ki zauna."

Ranakun da ba ni da aiki, Iya ce ke zuwa gidanmu da ƙullin daddawa wai ta kawo wa Innata talla, ƙwayar tana ɗaure a gefen zanenta. Sai ta ce in raka ta zaure. Inna ta taɓa cewa, "Wannan tsohuwar tana ji da ke." Na ce haka take da kowa. Har yau ban san ko Inna ta gane ba. Daddawa dai ta taru a gidanmu.

Da magani ya ƙare sai jira. Shi ya fi wuya, don babu abin haɗiya. Ko ƙurji ya fito mini sai in tsaya ina kallonsa. Da zazzaɓi ya kama ni na ce shi ke nan, cutar ta fara. Malam ya gwada ya ce, "Sauro ne, ranki ya daɗe. Ki riƙa shiga gidan sauro kamar yadda kike yi wa masu ciki wa'azi." Ko yanzu ba na iya sa hannu a tire, da almakashi nake ɗaga auduga.

Ranar gwajin ƙarshe, bayan azahar, Malam ya ɗebi jinin ya ce in jira a waje. Na zauna a bencin marasa lafiya. Iya tana share barandar da ta riga ta share. Anti tana shiga tana fita da tire babu komai a ciki. Baba mai gadi ya kashe rediyonsa.

Malam ya leƙo, bai kira ni ciki ba.

"Babu komai. Duka biyun, ƙanjamau da ciwon hanta."

Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Sista ta zo ta zauna kusa da ni a bencin, ta ce wa wata mata da ke jiran in auna mata jariri ta yi haƙuri, yanzu za a zo.