Rufin Zauren da Muka Koyi Boko

Na haura shekara arba'in kafin in fara riƙe fensir. Abin da hannuna ya sani shi ne ƙasa, don gini na gada, irin ginin da ya cika cikin birnin Zariya. Amma a shekarun da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, duk wanda Allah ya buɗa wa sai ya ce bulo da kwano yake so. Sai in yi mako biyu ba wanda ya neme ni. Zaman banza ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci.

Duk magidanta ne mu. Muna haɗuwa bayan la'asar a wani tsohon zaure da wata tsohuwa ta ba mu aro. Malaminmu yana zuwa daga Tudun Jukun a kan keke. Da ajin ya yi ƙarfi sai aka mai da shi ƙungiya, aka yanka kuɗin wata, aka ce duk wanda ya yi wata uku bai bayar ba ya bar wa wani wurin. Dalili kuwa zauren yana yoyo. Daminar da ta wuce ruwa ya riƙa ɗiga a gaban allo. So ake a tara kuɗi a sauke rufin ƙasa a buga kwano.

Watana na uku na rashin biya ya cika daidai lokacin da na fara haɗa baƙi da wasali. Har na iya karanta rubutun jikin motocin haya, in tsaya a bakin hanya ina motsa leɓe. Ba na son a raba ni da wannan. Da aka tashi aji sai na ce, "Jama'a, ni ba ni da abin bayarwa. Amma ku bar mini rufin nan."

Ma'ajinmu wani Alhaji ne mai sayar da yadi. Ya ce, "Magini, mu kuɗi muka ce. In kowa ya zo da sana'arsa, ai gobe mahauci zai kawo mana ƙafar saniya."

Mahaucin da ke cikinmu ya ce, "Da ka fi kowa murna, Alhaji."

Aka yi dariya. Malam ya raba gardama, ya ce in aka yi ruwan farko bai ɗiga ba, na biya na shekara. Na ce a'a, ruwan farko ba ya faɗa wa magini gaskiya, a jira marka. In ya ɗiga a marka, da kaina zan naɗe tabarmata.

Da safe na jingina tsani na hau, ba takalmi, don diddige ke jin inda rufi ya yi rami a ciki. Kusa da indararo, wato inda ruwa ke sauka ƙasa, na sami ciwon. Wani ne ya like wurin da siminti. Siminti ba ya kama ƙasa. Ya tsage ya rabu da ita, ruwa yana bi ta ƙarƙashi. Na ɓamɓare shi na ci gaba da tono, don in ga iyakar ɓarnar.

A nan na ga abin da har yau nake tunawa. Yaɓe ne a kan yaɓe, kamar shafukan littafin da nake koyo. Wani ja, wani toka-toka, wani da ciyawa a ciki, wani siriri kamar an yi shi a shekarar yunwa. Na fara ƙirgawa na bari. A wani yaɓe na can ƙasa na ga shatin hannu, yatsu huɗu ne, ƙaramin babu. Na ɗora nawa a kai. Tafinsa ya fi nawa faɗi. Ƙarƙashin wannan duka ga azara baƙa ƙirin, na ƙwanƙwasa ta amsa kamar ƙarfe, gara ba ta taɓa ko ɗaya ba. Wata shida ina zama a ƙarƙashin bakan gizon nan, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe da rufin, ina fama da baƙaƙe, ban taɓa ɗaga kai na dube shi da idon magini ba. Kuma shi ake shirin saukewa. Na zauna a kan rufin, na daɗe ban yi komai ba sai tasbihi.

Da na sauko tsohuwar ta miƙo mini fura. Na ce, "Inna, wa ya gina zauren nan?"

Ta ce, "Ni ma a haka na same shi ranar da aka kawo ni. Surukina ma bai sani ba. Duk rani dai wani yakan hau. Ban taɓa ganin an ba shi komai ba sai abin da ke hannunka."

Laso na yi masa, yaɓen da ruwa ba ya ratsawa. Marinin ajinmu ya kwaso mini katsi daga gindin rijiyar rini, majemi ya kawo gashin awaki, ni kuma na shiga daji na samo dafara na daka na jiƙa har ta yi yauƙi. Na cike ramin da ƙasar da ta kwana uku a kwaɓe, na bar ta ta bushe, sannan na bi da laso. Ban yi gaggawa ba. Alhaji yakan wuce ya ɗaga kai ya ce, "Magini, ko dai can za ka tare?"

Ruwan farko ya zo ya wuce, bai ɗiga ba. Sai marka ta kama, kwana uku ba a ga rana ba. Ranar ta uku muna cikin aji ruwa ya ƙara ƙarfi, har Malam ya daina rubutu. Kowa ya ɗaga kai. Ni ban iya ɗagawa ba, kunne na kasa. Ina jin indararo yana ta kwarara a waje, a ciki kuwa shiru. Da kwano ne, da ba mai jin maganar wani.

Sai Alhaji ya tashi daga wurinsa na bakin ƙofa, ya jawo tabarmarsa, ya zauna daidai inda ake ɗigar bara, da farar rigarsa. Bai motsa ba har aka kusa kiran magariba. Sannan ya cire hula ya juya ta, ya shafa, ya mayar.

Ya ce, "Magini, baɗi ma kai ne."

Malam ya miƙo mini alli ya ce in zo in rubuta abin da muka tsaya a kai. Na tashi na je gaban allo, na fara rubutawa.