Gefen Gonarmu da Ba a Shukawa

A lokacin ni saurayi ne mai rawar kai a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Da safe in bi Baba gona, da yamma in tare a gidan kallo, inda ake nuna fina-finan Indiya masu fassarar Hausa. Dattawa suna cewa fina-finan nan ɓata tarbiyya suke yi, mu kuma muna cewa su suka buɗe mana ido. Ba abin da ke burge ni kamar jarumi ya miƙe a tsakiyar taro ya faɗa wa azzalumi gaskiya, jama'a su mara masa baya.

Wata damina na lura gambar da ta raba gonarmu da ta Baffa, yayan Baba, ta matso cikin tamu. Na gaya wa Baba, ya ce in bar maganar. Ni kuwa, jarumin gari, na ɗauka tsoro ne. Ranar Juma'a ana idar da salla na miƙe a ƙofar masallaci na ce Baffa ya ci mana iyaka, har da nuna shi da yatsa. Ina jiran a mara min baya, amma ban samu ko mutum ɗaya ba. Baffa ya sa takalmansa ya wuce. Washegari da hannunsa ya tuge gambar ya mayar da ita inda take.

Daga baya Inna ta gaya min Baba ya daɗe da sani. Shi ya bar wa yayansa wurin saboda yawan iyalinsa, ya ƙi furtawa don kada Baffa ya ji kamar sadaka aka ba shi. Tun daga ranar Baffa bai sake cin tuwo da Baba a zaure ba, har Allah ya yi wa Baffa rasuwa.

Har yau kaina a ɗaure yake. Bayan abin nan samarin garin sun samu bakin yin magana a kan masu nome hanyar shanu, aka kuma gyara, har wasu na cewa ni na fara ba su ƙarfin gwiwa. To alheri fina-finan suka yi mana ko sharri? Wallahi ban sani ba. Ina dai roƙon matasa, kafin ku miƙe a taro, ku binciki abin da ya sa babba ya yi shiru. Mun samu gefen gonarmu. Amma duk damina Baba kewaye shi yake yi da garma, ya bar wa ciyawa.